Yadda ake tsara shari'ar sasanci ta ƙasa da ƙasa idan lauyan tsarin Ingila ya gamu da na tsarin Faransa

Wannan bayani na ƙannenmu ne lauyoyi waɗanda suka goge a babbar kotu ta Kano ko Kaduna ko Abuja, kwatsam aka miƙa musu fayil ɗin shari'ar sasanci, abokin shari'ar kuma yana Yamai ko Duwala ko Paris. Na daɗe ina wannan aiki, kuma kusan duk rigimar da na gani a kan yadda za a tafiyar da shari'a tushenta ɗaya ne: kowane ɓangare ya shigo da al'adar kotun ƙasarsu a kansa, yana ganin ai kowa ya san haka ake yi, don haka bai nemi a rubuta ba. Sai tafiya ta yi nisa a gane cewa "haka ake yi" ɗin nan iri biyu ne.

Sasancin da nake nufi shi ne wanda lauyoyinmu ke ce wa abitireshin, na Nijar su ce arbitiraj, malamai kuma su ce tahkimi: masu rigima su naɗa alƙalinsu da kansu, abin da ya yanke kuma ya hau kansu dole. Sulhu daban ne, don mai sulhu ba ya yanke hukunci.

Ɗan abin da za ka riƙe kafin ka fara

Najeriya da Gana sun gaji tsarin Ingila, wanda ake kira koman lo. A wannan gida lauyoyi ne ke jan ragamar shari'a, alƙali ya zauna ya saurara. Shaidar baki tana da nauyi, ana titsiye shaida da tambayoyi, ana iya tilasta wa mutum ya fito da takardun da ke hannunsa har da masu cutar da shi, hukuncin manyan kotuna na baya kuma doka ne. Nijar da Chadi sun gaji tsarin kundin doka, wato sibil lo, ta hannun Faransa. Asalinsa dokar Rumawa ce, Faransa ta tattara nata a kundin Napoleon na 1804. Jamus da Suwizalan da Masar duk 'yan wannan gida ne. A can takarda ce uwa. Alƙali ya karanta fayil, shi ke yi wa shaida tambaya in ma an kira shaidan, shi ke naɗa ƙwararre, kowa kuma ya zo da hujjarsa, ba a cika barin mutum ya je tonon ta a akwatin abokin shari'arsa ba. Kamaru tana da duka biyun.

Shari'ar sasanci ta ƙasa da ƙasa ta bar wa masu shari'a da alƙalansu su haɗa nasu tsarin daga gidajen biyu. Aikinka shi ne ka haɗa wanda zai amfani wanda kake karewa ba tare da an tauye ɗaya ɓangaren ba, domin tauye shi ne ke rushe hukunci daga baya.

Zan riƙa kafa misali da wannan: a ce kamfanin Kano ya sayar wa kamfanin Maraɗi takin zamani, an kai kaya, mai saye ya riƙe ragowar kuɗi yana cewa takin bai kai ingancin da aka yi alkawari ba. Kai ne lauyan na Kano.

Kayan aiki

- Kwantiragin da aka sa wa hannu da duk gyare-gyarensa, musamman sashen sasanci.
- Ƙa'idojin cibiyar da kwantiragin ya ambata: ICC ta Paris, LCIA ta Landan, CCJA ta Abidjan (kotun OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci bai ɗaya), ko ƙa'idojin UNCITRAL, hukumar dokar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, idan babu cibiya. Misalaina daga bugun ICC na 2021 suke. Cibiyoyi suna sabunta ƙa'idojinsu, don haka ka nemo bugun da ke aiki ranar da aka buɗe ƙara.
- Dokar sasanci ta mazaunin shari'a, wato ƙasar da dokarta ke kula da shari'ar. A Najeriya dokar sasanci da sulhu ta 2023 ce, wadda ta maye gurbin ta 1988. A Nijar da Chadi da Kamaru dokar bai ɗaya ta OHADA ce, wadda aka sabunta a 2017. A Ingila dokar 1996 ce da gyaran da aka yi mata a 2025.
- Ƙa'idojin karɓar hujja na ƙungiyar lauyoyi ta duniya, IBA, bugun 2020, da ƙa'idojin Prague na 2018. Duka biyun kyauta ne a intanet.
- Yarjejeniyar New York ta 1958 kan zartar da hukuncin sasanci na ƙasashen waje.
- Jerin abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, kowane layi da takardar da ke tabbatar da shi.
- Mai fassara da ya san harshen shari'a, da lauya ɗaya na ƙasar can.

Idan aljihun wanda kake karewa bai kai ɗaukar lauyan can gaba ɗaya ba, ka biya shi na 'yan sa'o'i sau uku: lokacin zaɓen alƙalai, lokacin rubuta umarnin tsari (takardar da ke tsayar da yadda za a tafiyar da shari'ar), da kafin zaman sauraro. A nan ne jahiltar al'adar can ta fi tsada.

1. Karanta sashen sasanci, ka ware abubuwa huɗu

Ɗauki takarda ka rubuta: wace doka ce ke hukunta kwantiragin, ina ne mazaunin shari'a, ƙa'idojin wace cibiya, kuma wane harshe. Sababbin shiga sukan cakuɗa su. Ana iya samun kwantiragi a ƙarƙashin dokar Najeriya, mazauninsa Paris, a zauna sauraro a Abuja. Mazauni shi ne ƙasar da dokarta ke kula da shari'ar, kotunanta ne kuma ke da ikon rushe hukuncin. Ɗakin da aka jera kujeru aka zauna wani abu ne daban.

Najeriya ta ɗanɗana wannan. Kwantiragin iskar gas na 2010 tsakanin gwamnati da kamfanin P&ID ya ambaci Landan da kalmar da ke nufin wurin zama, alhali yana nuni ga dokar sasancin Najeriya. Najeriya ta ce mazauni a gida yake, alƙalan sasancin suka ce Landan ne, kotun Ingila ta tsaya a kan haka a 2019. Shi ya sa hukuncin dala biliyan 6.6 da aka yanke a kan Najeriya a 2017, wanda kuɗin ruwa ya kai shi wajen biliyan 11, sai a Landan aka je aka yaƙe shi, inda mai shari'a Robin Knowles ya samu an yi zamba wajen samun sa a watan Oktoban 2023.

Idan sashen bai faɗi mazauni ko harshe ba, rubuta wa lauyan abokin shari'a tun da wuri ku daidaita. In kun kasa, a tsarin ICC cibiya ce ke tsayar da mazauni, alƙalai su tsayar da harshe.

2. Auna inda hujjarka take kwance

Kada ka nemi tsarin Ingila don kawai shi ka iya. Duba fayil tukuna. Idan sakamakon gwajin takin, da rasit, da takardun kwastam na Jibiya da Ɗan Isa duk suna hannun wanda kake karewa, dogon neman takardu ba zai ƙare ka da komai ba, sai ma ya sa a buɗe akwatinku. Idan kuwa sirrin yana siton mai saye, a ce ya bar takin ruwa ya taɓa shi, ko ya riga ya sayar wa manoma babu wanda ya yi ƙorafi, to kana buƙatar hanyar da za ta tilasta masa fito da littafin sitonsa. Amsar wannan tambaya ce za ta ja ka a duk matakan da ke tafe.

A ranar ka gaya wa wanda kake karewa kada ya goge komai. 'Yan kasuwarmu rabin cinikinsu a saƙon murya na WhatsApp yake, da Hausa. A adana wayar, a rubuta saƙonnin, a fassara su. Nauyinsu ya danganta da dokar kwantiragin. Dokar Ingila da ta Najeriya a ƙa'ida rubutun kwantiragi suke bi, ba su cika yarda a fassara shi da maganganun lokacin ciniki ba. Dokar Faransa kuwa niyyar da ɓangarorin suka haɗu a kanta take nema, don haka saƙon murya ɗaya yana iya zama ƙashin bayan shari'a.

3. Zaɓen alƙalai

Ƙa'idoji sun bar wa alƙalai fili mai faɗi, kuma kowa da tarbiyyar da ya taso da ita zai cika wannan fili. Idan alƙalai uku ne, kowane ɓangare ya kawo ɗaya, na ukun ya zama shugaba, kuma shi ne zai riƙe akalar tsari. Idan ICC ce ta naɗa shugaban, a ƙa'ida ba zai zama ɗan ƙasar ɗayanku ba. Duba inda ya yi karatu, inda ya yi aikin lauya, da ko ya taɓa zama da mutanen ɗaya gidan. Shugaba ɗan Suwizalan zai fi son takardu da gajeren zama. Tsohon alƙalin Ingila zai ba ka lokaci ka titsiye shaida.

Wanda kai za ka kawo, nemi mai jin harshen shari'ar sosai, wanda shugaba zai saurara idan sun keɓe. Kuskuren da na fi gani shi ne kawo babban mutum don girmansa a gida, alhali bai taɓa zama da alƙalin tsarin kundi ba. Za ka iya ganawa da shi ka tambayi lokacinsa da ƙwarewarsa da ko yana da alaƙa da wani ɓangare, amma kada ka taɓa zancen wa ke da gaskiya. Jagorar IBA kan cin karon maslaha, bugun 2024, ta kasa alaƙoƙi gida uku, ja da ruwan lemo da kore, daga mafi haɗari zuwa mara laifi. Auna shi da ita kafin abokin shari'a ya auna maka.

Idan kwantiragi bai faɗi adadi ba kuma mazauni Najeriya ne, dokar 2023 ta ce alƙali ɗaya.

4. Takardar buɗe ƙara da amsarta

Mun saba da gajeriyar takardar da'awa, da amsa mai musanta komai layi-layi, hujja ta biyo baya. Alƙalin tsarin kundi idan ya ga haka sai ya ɗauka ba ka da abin cewa. Ba da labarin a jere, ka lanƙaya manyan takardunka, ka faɗi dokar da ka dogara da ita da adadin kuɗin da kake nema. Takardun mai ƙara ana sa musu lamba C-1, C-2, na wanda ake ƙara R-1, R-2, kuma lambar ba ta canzawa har ƙarshe. A ICC wanda ake ƙara yana da kwana 30 ya amsa.

A bugun 2021, ICC tana da wata takarda da ta gado daga al'adar Faransa, wadda ke iyakance aikin alƙalai: su wane ne masu shari'a, me kowa ke nema, me za a yanke. Karanta ta da idon basira kafin ka sa hannu, domin bayanta ba ka shigo da sabuwar da'awa sai da izinin alƙalai.

5. Zaman tsara shari'a da umarnin tsari na ɗaya

Nan ne zuciyar aikin, tun ran gini tun ran zane. Alƙalai za su kira zama, galibi ta bidiyo, daga nan su fitar da umarnin tsari na ɗaya. Kada ka jira su rubuto. Rubuta naka daftarin, ka aika wa lauyan abokin shari'a, ku ware inda kuka yarda da inda kuka saɓa, ku kai wa alƙalai saɓanin kawai. Wanda ya fara rubutawa, a kan rubutunsa ake gyara.

Abubuwan da ba za ka bari su wuce ba a rubuce ba:

- Ko kowace takardar da'awa za ta zo tare da takardun hujja da bayanin shaidu da rahoton ƙwararru a dunƙule, ko za a rarraba su mataki-mataki irin na kotunanmu. Na dunƙule shi ya fi yawa a yau, kuma galibi zagaye biyu ake yi.
- Ko akwai neman takardu daga abokin shari'a, yaushe, kuma da wane ma'auni.
- Wane ne ke iya zama shaida, da ko lauya zai iya ganawa da shi.
- Wa ke fara yi wa shaida tambaya, lauyoyi ko alƙalai.
- Wa ke naɗa ƙwararre.
- Wace doka ce ke kare sirrin lauya.
- Wa ke biyan fassara, da ko za a fassara takarda duka ko sashen da ake buƙata.
- Agogon wace ƙasa ake bi a ranar wa'adi.

Daga nan sai zaɓi tsakanin ƙa'idojin IBA da na Prague. Na IBA an yi su ne don su tsaya a tsakiya: akwai neman takardu amma ƙuntatacce, akwai rubutaccen bayanin shaida, akwai titsiye. Wasu lauyoyin tsarin kundi suka ga sun karkata ga Ingila, suna cin lokaci da kuɗi, shi ne suka fito da na Prague a watan Disamban 2018. Waɗannan suna ƙarfafa alƙali ya riƙe shari'a da kansa, ya rage shaidu, ya kauce wa neman takardu, ya faɗi ra'ayinsa na farko tun ana tafiya, har ya taimaka a yi sulhu idan ɓangarori ba su ƙi ba. Lauyan da ya taso a tsarinmu yakan razana idan alƙali ya faɗi inda ya karkata tun kafin a gama, ya ɗauka son kai ne. A Jamus wannan aikin alƙali ne na yau da kullum. In ba ka so, ka ce ba ka so tun yanzu, a rubuta.

Ni abin da nake nema shi ne a rubuta cewa ƙa'idojin IBA jagora ne ga alƙalai, ba tilas ba. Dalili kuwa, yarjejeniyar New York ta ba wanda ya faɗi damar ƙin hukunci idan ba a bi tsarin da ɓangarori suka amince da shi ba. In ka mai da kowane layi tilas, ka ba shi makami kenan.

Idan kuɗin rigimar kaɗan ne, duba gajeriyar hanya. A bugun ICC na 2021, kwantiragin da aka ƙulla daga 1 ga Janairun 2021 wanda rigimarsa ba ta wuce dala miliyan 3 ba yana shiga tsarin gaggawa, sai in an cire shi: ana iya naɗa alƙali ɗaya, yana iya yanke hukunci a kan takardu kawai, cikin wata 6 daga zaman tsara shari'a. Rigimar takinmu wataƙila nan za ta faɗa.

6. Neman takardu

Ana amfani da jadawalin Redfern, mai sunan lauyan Ingila Alan Redfern. Gida huɗu ne a jere: takardar da kake nema, dalilinka, ƙin amincewar abokin shari'a, hukuncin alƙalai. Sashe na 3 na ƙa'idojin IBA ya ce ka ambaci takarda takamaimai ko rukuni ƙuntatacce, ka nuna tana da alaƙa da shari'ar kuma tana iya sauya sakamakonta, ka ce ba ta hannunka, ka faɗi me ya sa kake zaton tana hannunsa.

Idan ka rubuta "duk takardun da suka shafi takin", za a yi watsi da shi, kuma ka zubar da ƙimarka a idon shugaba. Rubuta "littafin shiga da fitar kaya na siton Maraɗi daga ranar da aka sauke takin zuwa wata uku bayanta". Buƙata goma masu kaifi sun fi hamsin.

Wanda aka umarta ya fito da takarda ya ƙi ba tare da dalili ba, alƙalai suna iya ɗauka cewa takardar tana ƙaryata shi. Bayyana wa wanda kake karewa wannan tun farko, don shi ma zai hau kansa. Ka kuma tuna lauyan abokin shari'a mai yiwuwa bai taɓa tilasta wa wanda yake karewa ya miƙa takarda mai cutar da shi ba. In ya kawo rabi, rubuta wa alƙalai cikin natsuwa ka nuna giɓin, kada ka fara da zargin ɓoye hujja.

Sirrin lauya yana da tarko. A Ingila shawarar lauyan cikin kamfani tana da kariya, a wasu ƙasashen tsarin kundi ba ta samun irin wannan kariya. A Faransa kuma wasiƙar da lauya ya rubuta wa lauya sirri ce, ba a kai ta gaban alƙali sai in an yi mata alamar ta hukuma ce. Hanya mafi adalci ita ce a rubuta a umarnin tsari cewa kariyar da ta fi faɗi ta rufe ɓangarorin biyu.

7. Shaidu

A al'adar tsarin kundi mai shari'a ba ya zama shaidar kansa, abin da duk wanda ya zauna kotun shari'ar Musulunci ya sani. Sashe na 4 na ƙa'idojin IBA ya warware wannan: kowa yana iya ba da shaida, har mai kamfani da ma'aikatansa, kuma ba laifi ba ne lauya ya gana da shaida. Duk da haka ka sa a rubuta. Na taɓa shari'a inda lauyan ɗaya ɓangaren, mutum mai mutunci daga ƙasar renon Faransa, ya gane cewa mun zauna da shaidunmu wajen rubuta bayaninsu. A tarbiyyarsa wannan kusan lalata shaida ne. Yini guda cur ya tafi a kan gardamar da layi biyu a umarnin tsari za su kashe, kuma zargin ya bar tabo a zaman har ƙarshe.

Ganawa da shaida tana da iyaka. Nuna masa takardu, bayyana masa yadda zama yake, amma kada ka sa masa magana a baki. Lauyoyin Ingila an hana su koya wa shaida amsa, na Amurka kuwa suna da sassauci, don haka a nan ma a daidaita ma'auni ɗaya.

Bayanin ya fito da muryar shaidan. Idan Alhaji da Hausa yake magana, a rubuta da Hausa ya sa hannu, a haɗa da fassara. Bayanin da aka rubuta da Turancin lauya, mai shi ya zo ya kasa karanta layin farko, ya mutu tun kafin tambaya. Kuma shaidan da aka nema ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, a ƙa'ida ana jefar da bayaninsa. Fara neman biza da wuri. In ta gagara, nemi izinin ba da shaida ta bidiyo, ka tanadi wuri mai intanet mai ƙarfi da janareta.

8. Ƙwararru

Mu kowa yakan kawo nasa, su kuma alƙali ke naɗa ɗaya, suna ganin wanda ka biya bakinka zai yi. Ƙa'idojin IBA sun yarda da duka biyun. A rigimar taki, abin da ya fi komai shi ne samfurin da za a gwada: wa ya ɗiba, daga wane buhu, a gaban wa. Nemi a ɗiba tare, a rufe, a sa hannu. Idan kowa ya kawo ƙwararrensa, a umarce su su gana su rubuta inda suka yarda da inda suka saɓa, sannan a zaunar da su tare a yi musu tambaya lokaci guda. In alƙalai ne suka naɗa, ka dage a kan ganin tambayoyin da za a ba shi da damar yi masa tambaya a zama, ko da ƙwararrenka yana gefenka yana raɗa maka.

9. Zaman sauraro

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu ko uku kafin zama a yi taron share fage: jerin shaidu, rabon lokaci, tafinta, da mai rubuta zaman kalma da kalma. Yawanci ana raba sa'o'i tsakanin ɓangarori, kowa agogonsa na tafiya idan yana magana. Tambaya ta bakin tafinta tana cin kusan ninki biyu, don haka ka nemi a yi la'akari da wannan a rabon. Tafintan Hausa kuma ka gwada shi tukuna, ka tabbata yana jin Hausar Maraɗi da ta Kano, da kalmomin Faransanci da suka shiga bakin 'yan kasuwar can. Jaka a bakin mutumin Nijar kuɗi ne ƙidayayye na sefa, tafintan da bai san haka ba zai ɓata lissafi.

Rubutaccen bayani shi ke tsayawa a matsayin shaidar farko, don haka kusan kai tsaye ake shiga titsiye. Sassauta murya. Ɗaga murya da "ina gaya maka ƙarya kake yi" suna iya wucewa a kotun gida, amma shugaba ɗan tsarin kundi zai ga cin mutunci ne, tausayinsa ya koma kan shaidan. Buɗe takarda, karanta layin, yi gajeriyar tambaya, karɓi amsa, wuce. Abin da yake so ya gani shi ne inda baki ya saɓa wa takarda.

Akwai ƙa'idar da muka gada daga shari'ar Browne da Dunn ta 1893, cewa duk abin da za ka ƙaryata shaida a kansa sai ka fuskance shi da shi. Lauyan abokin shari'a bai san ta ba, lokaci ma ba zai isa a bi ta layi-layi ba. A rubuta cewa rashin tambaya a kan wani batu ba amincewa da shi ba ne. Amma zargi mai nauyi, irin na zamba ko jabun takarda, ka faɗa wa mutum a gabansa ya kare kansa.

Idan aka yi abin da ka ga ya tauye ka, yi ƙorafi nan take, ya shiga rubutun zama. Wanda ya yi shiru ya ci gaba, ƙa'idojin ICC sun ɗauka ya yafe. A ƙarshe shugaba zai tambayi kowa ko yana da ƙorafi kan yadda aka tafiyar da shari'ar, kamar i'izarin da alƙalin shari'ar Musulunci ke yi kafin hukunci. Amsarka a wannan lokaci za a karanto ta a duk kotun da aka je daga baya, don haka ka yi shawara da abokan aikinka kafin ka ce babu.

10. Hujjar doka da kuɗin shari'a

Kada ka tara wa alƙalin tsarin kundi hukunce-hukunce talatin. Fara da nassin doka, ka bi da sharhin manyan malaman shari'a, waɗanda suke da nauyi sosai a gidansu, sannan hukunci biyu ko uku mafi ƙarfi. Idan dokar Najeriya ce ke hukunta kwantiragin, bayyana masa dalla-dalla cewa hukuncin Kotun Ƙoli doka ne da ke ɗaure na ƙasa da ita. Wasu alƙalan suna ganin haƙƙinsu ne su nemo dokar da ba wanda ya kawo. Nemi a rubuta cewa in za su yi haka sai sun ba ku damar magana a kai.

Ajiye lissafin kowace sa'a da kowane rasit tun ranar farko. A yawancin shari'o'in sasanci wanda ya faɗi ke ɗaukar kaso mafi girma na kuɗin, kuma alƙalai suna duba wanda ya ja lokaci. Idan abokin shari'a ya ƙi biyan rabonsa na kuɗin cibiya, kana iya biya a madadinsa don kada shari'a ta tsaya, ka nemi a mayar maka a hukunci.

11. Bayan hukunci

Ranar da hukunci ya iso, duba wa'adin ƙalubalantar sa a mazauni. A Ingila kwana 28 ne daga ranar hukuncin. A Najeriya wata 3. A Faransa wata 1 daga sanar da shi. A ƙasashen OHADA wata 1 daga ranar da aka isar da hukuncin ɗauke da izinin zartarwa. Kotu ba ta sake sauraron rigimar, tsari take dubawa: ko akwai yarjejeniyar sasanci, ko an ba kowa dama, ko alƙalai sun wuce iyaka. Ingila ta bar ƙaramar ƙofar ɗaukaka ƙara a kan batun dokarta, amma ƙa'idojin ICC da LCIA suna rufe ta.

Idan kai ka ci, dukiyar mai saye kuma tana Maraɗi, kotun Nijar za ka nema ta ba da izinin zartarwa. Nijar ta shiga yarjejeniyar New York a 1964, Najeriya a 1970. Za a nemi asalin hukuncin ko kwafin da aka tabbatar, da yarjejeniyar sasancin, da fassarar da mai fassara rantsattse ya yi in harshen hukuncin ba wanda kotun ke aiki da shi ba ne. In kuwa a ƙarƙashin CCJA aka yi shari'ar, izinin da kotun Abidjan ta bayar yana aiki a ƙasashen OHADA 17. Nemi kwafi uku ko huɗu da aka tabbatar daga cibiya tun ranar farko, ka ba mai fassara ɗaya a makon, lauyanka na can kuma ya riga ya gano bankin da mai saye ke ajiya da sitocin da ke da sunansa kafin a isar masa da takarda.